Ilu Magini da Rufin Goggo Tabawa

An ce wai a wani zamani, a wani gari da ake kira Tudun Kanya, an yi wani Sarkin Magina mai suna Cindo. Dattijo ne mai sanyin murya, wanda ya fara kwaɓa ƙasa tun yana saurayi, har furfura ta cim masa a kan katanga. Sarkin garin ya danƙa masa al'amarin gini gaba ɗaya. Ba mai ɗora tubali a gidan wani sai da izininsa, alamar izinin kuwa wani ɗan ƙarfe ne mai tambari wanda magini ke ratayawa a wuya, domin mai gida ya gani ya saki jiki. Magina suna da doka tun ta iyaye da kakanni, cewa duk wanda aikinsa ya rushe a kan mutane saboda sakaci, a karɓe ƙarfensa, kada ya ƙara yi wa kowa gini a garin.

A cikin maginan garin akwai wani mai suna Ilu. Ba tsoho ba ne, amma sunansa ya riga ya zagaya unguwanni, don in ya yi yaɓe sai ka ga bango sumul kamar an goge shi da hannun riga. Mutum ne mai fara'a, mai kunyar cewa a'a. Wannan hali shi ya sa mutane ke son sa, shi ne kuma ya sa yakan karɓi aikin da ya fi ƙarfinsa. Yana da mata ɗaya, Kubura, da 'ya'ya ƙanana, da wani tsohon mahaifi a ƙauye wanda ciwo ya kwantar.

A unguwar marina kuma akwai wata dattijuwa da ake kira Goggo Tabawa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar mata gida mai zaure da ɗakuna biyu, ƙarami wanda take kwana, da babban soro wanda ya tsufa, rufinsa ya fara lotsawa. Autarta Dije tana aure a wani gari, ga shi ta sami cikin fari, kuma bisa al'ada gida za ta zo ta haihu, uwa ta yi mata wankan jego. Goggo Tabawa ta dubi soron nan ta ce ba za ta kwantar da mai jego da jariri a ƙarƙashinsa ba. Sai ta sayar da tumakin da take kiwo, ta aika aka kira mata Ilu.

Da ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, ta ce masa, “Ɗan nan, ni ban san gini ba. Abin da na sani shi ne Auta za ta zo, kuma damina ma za ta zo. Ina so in ta kwanta ta ɗaga kai, kada ta ga abin da zai tayar mata da hankali.”

Ilu ya ce, “Goggo, ki kwantar da hankalinki. In Allah ya yarda, kafin hadari ya fara haɗuwa an gama.”

Ya kama aiki da zuciya ɗaya. Amma da ya yaye tsohon rufin, sai ya tarar gara ta cinye cikin wasu daga cikin azarorin, wato itatuwan giginya da ke ɗauke da rufi. Daga waje lafiya lau suke, ciki kuwa ya zama gari. Sababbi sai an je can fadama mai nisa an saro. Ana cikin haka aka aiko masa daga ƙauye cewa jikin mahaifinsa ya tsananta, ga kuma wasu masu gidaje biyu da ya yi wa alkawari suna ta yi masa sintiri. Ilu ya tsaya a kan bango yana juya azara a hannunsa. Zuciyarsa ta ce masa, ai za ta kai shekara ɗaya, in rani ya zagayo sai ka dawo ka canza ba tare da kowa ya sani ba. Sai ya juya gefen da ya ciwu ya koma sama, ya jera su. Ƙasar rufin ma bai bari ta kwana ta ruɓa yadda ya kamata ba, ya kwaɓa ya ɗora, ya bi da yaɓe mai kyau, ya yi wa bango zane har maƙwabta suna shigowa kallo.

Goggo Tabawa ta yi ta sa masa albarka. Shi kuwa bai iya haɗa ido da ita ba, ya yi sallama ya kama hanyar ƙauye. Can ya zauna yana jinyar mahaifinsa har Allah ya karɓi abinsa, aka yi zaman makoki, ya dawo gari jikinsa a sanyaye.

Bai daɗe da dawowa ba ruwan farko ya sauka. Bayan azahar ne hadari ya taso daga gabas, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Goggo Tabawa ta riga ta jera kayan jego a sabon soron: geron kunu, da kanwa, da sabuwar tabarma, da zannuwan da ta daɗe tana ajiya. Ta ji ɗiga a ciki, ta shiga don ta janye buhun gero. Tana sunkuyawa sai ta ji ƙara a bisa kanta, kafin ta kai ƙofa rufin ya rufto. Allah ya kiyaye ranta, amma wata azara ta danne mata ƙafa ta karya ta. Maƙwabta suka tono ta cikin laka, suka ɗauke ta zuwa gidan da ke kusa, aka kira mai ɗori.

Labari ya kai wa Ilu yana zaune a ƙofar gidansa. Bai gudu ba, bai kuma nemi wanda zai roƙa masa ba. Ya tashi da ƙafarsa ya tafi zauren Sarkin Magina, ya zauna a ƙasa, ya sunkuyar da kai.

Aka sa rana, bayan kwana uku manyan magina suka taru. A cikinsu akwai Madakin Gini, wani dattijo mai suna Jibo, mutum mai kaifin harshe wanda ba ya wasa da doka. Shi ya fara magana, ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan ba abin dogon zance ba ne. Tsohuwa ta ba da amana, an ci amanarta, ga ta can a kwance. Da mai ciki ce a ɗakin nan, da yanzu gawa biyu muke magana a kai. In muka bar wannan ya wuce don Ilu namu ne, gobe ba mai ganin ƙarfen nan a wuyanmu ya yarda da mu. Mu ma 'ya'yanmu a ƙarƙashin rufin wasu suke kwana. A karɓe, kamar yadda muka tarar ana yi.”

Sarkin Magina ya dubi Ilu ya ce, “Kana da magana?”

Ilu ya ce, “Allah ya ba ka nasara, ba ni da ita. Na ga gara da idona, na rufe ta da hannuna. Duk abin da Madaki ya faɗa haka ne.”

Wani daga cikin magina ya ce ai mahaifinsa ne ba lafiya a lokacin, a duba wannan. Ilu ya girgiza kai ya ce, “Kada a sa mahaifina a cikin wannan. Da yana raye ya ji abin da na yi, da shi zai fara cire ƙarfen nan daga wuyana.”

 Sarkin Magina ya daɗe yana shafa gemu, sa'an nan ya ce, “Na ji da kunnena. Ku bar ni in gani da idona. Gobe da hantsi a dawo.”

Ya ɗauki sandarsa, Madaki na biye da shi, suka nufi unguwar marina. Suka shiga gidan da abin ya faru. Bangon soron na tsaye, sai dai saman ɗaya ya zube, rufi kuwa ya zama tudun laka a tsakar ɗaki, gero ya tsiro ta cikinsa. Sarkin Magina ya tsuguna ya ɗauki guntun azara, ya matsa, ta marmashe a tafinsa. Ya ɓare ƙasar rufin, ya ga ciyawar ciki tana nan ɗanya shar. Ya kakkaɓe hannu ya tashi.

Daga nan suka shiga inda aka kwantar da Goggo Tabawa. Tana kan tabarma a wani ɗan ɗaki da maƙwabciyarta ta raba da ita, ƙafarta ɗaure da karare. Sarkin Magina ya zauna daga bakin ƙofa ya yi mata sannu, ya ce, “Tabawa, an cuce ki, kuma ɗaya daga cikin mutanena ne ya cuce ki. Ni na rataya masa ƙarfen da kika gani kika yarda. Me kike so a yi?”

Goggo Tabawa ta share ido da bakin zane ta ce, “Sarki, ranar da abin ya faru, da ka tambaye ni, da na ce a kore shi daga garin nan. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba ƙafar ce ta fi yi mini ciwo ba, albarkar da na yi ta sa masa yana tsaye yana ji ita ta fi. Amma na kwanta na yi tunani. In an karɓe masa sana'a, ƙafata ba za ta haɗu don haka ba, rufina ba zai koma sama ba. Sai dai a ƙara gida na biyu da ba a ɗora tukunya. Na san yaransa, suna wucewa ta nan in za su makarantar allo. Ni abin da ya dame ni, Auta tana hanya, watanta ya kusa. Ina zan sa ta? Tumakin sun tafi, ba ni da abin kiran wani magini. Mutanen gidan nan sun yi mini karamci, amma ka ga inda muke.”

Madaki ya ce, “Yaya Tabawa, tausayi abu ne mai kyau, amma ba ke kaɗai ce mai rufi a garin nan ba.”

Ta ce, “Na sani, Madaki. Shi ya sa ban ce a ƙyale shi ba. Ni dai ban san abin da za a yi ba. Ku ne manya.”

Suka fito. Madaki ya ɗauka gida za su koma, sai ya ga Sarkin Magina ya karkata zuwa unguwar su Ilu. Suka yi sallama, Kubura ta fito da lulluɓi ta durƙusa ta gaishe su, idanunta sun kumbura da kuka. Sarkin Magina ya nemi izinin shiga, aka ba shi. Gida ne ɗan madaidaici, ba ado a bangonsa, amma tsakar gidan a bushe take kamar ba a yi ruwa ba. Ya shiga ɗakin da yara ke kwana, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rufi. Ya miƙa sanda ya ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya, kowace ta amsa da ƙara mai ƙarfi. A bayan ɗaki kuma ya ga wasu sababbin azarori a jingine cikin inuwa, an ɗaga su daga ƙasa don kada gara ta taɓa.

Ya ce, “'Yata, waɗannan fa?”

Kubura ta ce, “Ranka ya daɗe, maigidan ne yake tarawa kaɗan-kaɗan, wai in yaran sun girma ya ƙara musu ɗaki.”

A hanyar komawa Sarkin Magina ya ce wa Madaki, “Jibo, da na tarar da gidansa kamar na Tabawa, da na ce bai iya ba ne, laifin sai ya zama nawa da na ba shi izini. Amma ka gani da idonka. Ya iya. Hannun da ya yi wancan rufin shi ya yi wannan. Bambancin kawai, a nan ya san wanda zai kwana a ƙasa.”

Madaki ya ce, “To ai wannan ya ƙara masa laifi.”

Sarkin Magina ya ce, “Ya ƙara. Ya kuma nuna mana inda ciwon yake.”

Washegari da hantsi zaure ya cika, har mutane suka tsaya a waje. Aka ɗauko Goggo Tabawa a kan jaki aka zaunar da ita daga gefe, Kubura ma ta zo ta raɓe a bayan ƙofa. Sarkin Magina ya gyara zama ya ce:

“Jama'a, dokar magina ba ni na kafa ta ba, ba kuma ni zan rushe ta ba. Waɗanda suka kafa ta sun san cewa mai gida ba ya ganin abin da ke cikin bango. Yakan ba da dukiyarsa, ya ba da barcinsa da na iyalinsa, ga mutumin da ba shi da abin riƙewa a kansa sai amana. Ranar da amanar nan ta mutu, sana'armu ta mutu. Saboda haka, Ilu, cire ƙarfen nan ka kawo.”

Ilu ya sa hannu ya cire, ya ajiye a gaban Sarkin Magina. Aka ji shessheƙar Kubura daga bayan ƙofa. Madaki ya gyaɗa kai, amma ko shi fuskarsa ba ta nuna daɗi ba.

Sarkin Magina ya ci gaba, “Wannan haƙƙin gari ne, an biya. Saura haƙƙin Tabawa. Ta nemi ɗakin da za ta kwantar da mai jego, aka ba ta tudun laka. Jiya na ga ɗaki irin wanda ta nema, a gidan Ilu yake. Don haka daga yau har zuwa kaka, gidan Ilu aro ne a hannun Tabawa, ta shiga ita da 'yarta. Gidan Tabawa kuma aro ne a hannun Ilu, ya kwashe iyalinsa ya koma can, su zauna a zaure da ƙaramin ɗaki. Ya tayar da soron da ya rushe, da azarorin da ya tara wa 'ya'yansa. In ya gama, shi da iyalinsa ne za su ƙarasa damina a ƙarƙashinsa.”

Zaure ya ɗauki guna-guni. Madaki ya yi gyaran murya ya ce, “Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Yanzu ka karɓe ƙarfensa. Wanda ba shi da ƙarfe ba ya gini. Yaya za ka hana shi da hannun dama, ka ba shi da hagu?”

Sarkin Magina ya ce, “Jibo, kai ne ka fi mu riƙe doka, tuna mana. Cewa aka yi ba ya gini, ko ba ya yi wa wani gini?”

Madaki ya ce, “Ba ya yi wa wani.”

“To, tun da kake, ka taɓa jin an hana magidanci rufe ɗakin da iyalinsa ke kwana, don ba shi da ƙarfe?”

“Ban taɓa ji ba. Ko manomi yana yaɓe ɗakinsa.”

“Ilu ma daga yau magidanci ne kawai, ɗakinsa ya rushe, damina na tafe. Ba wanda ya ɗauke shi aiki, ba wanda zai ba shi lada. Ɗakin 'ya'yansa zai rufa.”

Madaki ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce, “Allah ya ja zamaninka. Ban da ta cewa.”

Amma Sarkin Magina bai gama ba. Ya juya wajen ƙofa ya ce, “Kubura, 'yata, matso. Ke ba ki yi laifin komai ba, ga shi hukuncin nan zai fitar da ke daga ɗakinki, ya kai ki inda za ki sha wahala. Ba zan tilasta miki ba. In kin ce a'a, ki zauna a gidanki, sai mu nemi wata hanya.”

Kubura ta durƙusa ta ce, “Ranka ya daɗe, tun ranar da abin ya faru nake jin kunyar fita ko bakin rijiya. In barin ɗakina zai sa in iya ɗaga kai in gaida Goggo, na bar shi. Kuma ba na tsoron rufin da zai yi. Na san hannunsa in ya tsaya.”

Ilu ya juya wajen dattijuwar. Ya rarrafa gaban Goggo Tabawa ya ce, “Goggo, ki yafe mini.”

Ta ce, “Tashi, ɗan nan. Yafiya tana nan, ba inda za ta. Je ka yi aikinka tukuna.”

A ranar aka yi ƙaura. Allah ya sa bayan ruwan farko sama ta ɗan ja baya, kamar yadda takan yi kafin damina ta zauna sosai. Ilu ya kwashe lakar da ke cikin soron da kansa. Ya kwaɓa sabuwar ƙasa da ciyawa ya bar ta ta ruɓa, ko da yake kullum in ya ɗaga kai sai ya ga gajimare na taruwa, zuciyarsa na ce masa ya yi sauri. Ya ƙi. In hadari ya taso sai ya rufe aikin da zana, in ya wuce ya yaye. Da ya zo ɗora azara, sai ya ga saman bangon da bai zube ba ma bai gamshe shi ba, ya rushe shi ya sake.

Zaman bai yi musu sauƙi ba. Ɗakin ƙarami ne, yara suna kwana a takure, abinci ma ya ja baya tunda ba aikin da ke shigowa, sai ɗan abin da Kubura ke samu daga saƙar faifai. Wasu da suka saba gaishe shi suka riƙa kau da kai a hanya. Amma zaman ya nuna wa Ilu abubuwan da bai gani ba sa'ad da yake zuwa da safe ya tafi da yamma. Ya ga indararon soron, inda ruwan rufi ke zubowa, yana zuba daidai kan murhu, duk ranar ruwa sai an kwashe tukunya. Ya ga rariyar gidan ta toshe, ruwa na kwanciya a gindin bango. Ya ga ƙaramin ɗansa yana tuntuɓe da dokin ƙofa saboda tsayinsa, sai ya tuna mai gidan za ta dawo da ƙafar da ta taɓa karyewa. Duk ya gyara su, ba wanda ya sa shi.

Madaki Jibo yakan biyo ta wurin, wai wucewa yake. Sai ya tsaya hannu a baya, ya duba, ya tafi. Ran da za a ɗora ƙasar rufi, aikin da mutum ɗaya ba ya iyawa, sai ga shi ya zo da magina huɗu ko biyar. Ilu ya ce, “Baba Madaki, ai doka…” Madaki ya katse shi ya ce, “Wace doka? Maƙwabci ke rufin ɗakinsa, muka zo gayya. Hau ka karɓa.” Ya naɗe hannun riga, ya sunkuya ya cura ƙasa ya jefa masa.

Da aka gama, Ilu ya shimfiɗa tabarmar 'ya'yansa a tsakiyar soron. Damina ta sauka da ƙarfinta a shekarar, har wasu tsofaffin katangu suka faɗi a gari. Soron Goggo Tabawa ko ɗigo bai yi ba.

Can gidan Ilu kuwa, Dije ta iso, ta sauka lafiya, ta sami ɗa namiji. Da yake ƙafar Goggo ba ta yi ƙwarin tsayuwa a bakin murhu ba, Kubura ce ke zuwa safe da yamma tana dafa ruwan wanka, tana dama kunun kanwa, a tsakar gidanta da ya zama na baƙi. Tun suna gaisawa a takaice, har ya zama in ta makara Goggo na aikawa a dubo ko lafiya.

Da kaka ta yi, aka girbe gero, Sarkin Magina ya tara mutane a ƙofar gidan Goggo Tabawa. Ta zo tana dogara sanda, ta shiga gidanta a hankali. Ta tsallake ƙofa ba ta ko ɗaga ƙafa sosai ba, ta tsaya ta waiwaya ta dubi wurin. Ta dubi murhu, ta dubi inda indararo ya koma. Ta shiga soron ta ɗaga kai, ta daɗe a ciki. Da ta fito, Sarkin Magina ya zaro ƙarfen Ilu daga aljihu, amma bai miƙa wa Ilu ba, sai ya sa shi a tafin Goggo Tabawa.

Ya ce, “Karon farko ni na ba shi, don na ga ya iya. Na gane iyawa kaɗai ba ta isa ba. Yanzu ke ce kika san abin da ban sani ba. In kin ga ya cancanta, ki ba shi. In ba ki gani ba, ki riƙe, ba mai ce miki don me.”

Madaki ya dubi soron, ya gyaɗa kai.

Goggo Tabawa ta juya ƙarfen a hannunta, ta kira Ilu. Ya zo ya durƙusa. Ta ce, “Wancan karon na sa maka albarka, ka kasa kallona. Yau ɗago kai.”

Ilu ya ɗago, hawaye na bin fuskarsa, ya dube ta.

Ta ce, “To, yanzu na yafe. Allah ya yi maka albarka.” Ta rataya masa ƙarfen da hannunta.

An ce Ilu ya rayu har ya tsufa yana gini a Tudun Kanya, ba a ƙara jin aikinsa ya cuci kowa ba. Ya koyi cewa a'a in aiki ya yi masa yawa. Kuma duk gidan da aka kira shi gyara, ba ya taɓa bango sai ya zauna ya tambayi masu gidan inda suke girki, da inda tsoho ke kwana, da inda yara ke wasa.

Masu hankali da suka ji wannan labari suka ce: wanda aka ba amanar rufin wani, ya ɗauka 'ya'yansa ne za su kwana a ƙarƙashi, wanda kuma aka ba hukunci, ya nemi wanda zai tayar da gidan da ya faɗi ba tare da ya rushe wani ba.